Suwaitar da Na Warware

Jama'a, ku gyara zama. Yau ɓarnar da na yi da hannuna zan ba ku labari, kuma duk wadda ta yi mini dariya kafin ta kai ƙarshe, Allah ya haɗa ta da irin tawa.

Ga wanda yau ya fara cin karo da ni, sunana Safara'u, 'yar fari a gidan Malam Sama'ilu manomi, a wani ƙauye bayan Dawakin Tofa. In ka tsaya a ƙofar gidanmu gero ne a gabanka, gyaɗa a bayanka, tarin maƙwabcinmu kuma kana jin sa ta cikin dawa. Na gama sakandare, karatu ya tsaya a nan saboda halin da ake ciki. Abin da na iya a duniya, bayan tuƙa tuwo, shi ne saƙa.

Da tsinken tsintsiya na koya tun ina firamare. Yanzu ina da tsinkayen ƙarfe da mai gyaran keke ya goge mini daga wayar ƙafar keke, sun yi santsi saboda riƙo. Hula nake yi, da safa, da 'yar suwaitar jarirai. Kar ku ɗauka sana'a ce, ba na sayarwa. Magani ce. A shekarun nan da taki ya gagari Baba, rumbu ya yi ƙasa tun gero bai fid da kai ba, miya ta koma kuka zalla ba mai, in na zauna a rumfar tsakar gida bayan la'asar na ɗauki tsinkayena, sai zuciyata ta kwanta. Hannu na tafiya, kai na hutawa. Wani lokaci sai an kira magariba nake tuna yau ban ƙoshi ba.

Zaren ulu kuwa, tunda kaya suka yi tashin gwauron zabo na daina ko tambayar sa a kasuwa. Sai na koma warware tsofaffin suwaitocin gwanjo. Matan ƙauyenmu duk sun sani: wadda take da tsohuwar suwaita da ɓera ya ci ko ta yi wa yara kaɗan, sai ta kawo ta ajiye a kan wani buhu da ke bayan ƙofar Inna. Ni kuma in warware, in wanke zaren, in riƙe shi a kan tururin tukunya ya miƙe, in naɗe shi dunƙule-dunƙule. Ranar da mai suwaita ta haihu, sai ta gan ni da hula da safa. Haka muke yi, ba a ma tsayawa bayani.

To, ga Baba a gefe. Shi ba mai faɗa ba ne, amma in ya yi magana ta zauna. Farkon damina ya kira ni zaure ya ce, "Safara'u, ba korar ki nake ba. Amma ƙannenki sun taso. In an yi girbi ina so in ga manya a zauren nan."

Na ce to, kaina a ƙasa, alhali na san inda matsalar take.

Khalilu ne matsalar, ko in ce mahaifiyarsa. A bikin aminiyata Huseina muka haɗu bara, shi ɗan gwaggon angon ne. Yana da rumfar cajin waya da sola a Dawakin Tofa. Da a babur yake zuwa zance, yana ƙamshi. Da fetur ya fi ƙarfin talaka sai ya jingine babur ya ɗauko keke. Yanzu yana isowa yana haki, sai na miƙa masa ruwa ya shanye kafin sallamarsa ta fita daidai. Ni dai ko a kan jaki zai zo ina son abina, na faɗa ba kunya tunda ba a gabansa nake ba.

Mahaifinsa, Malam Iliyasu, ya rasu. Baffanninsa ba za su taka zaurenmu ba sai mahaifiyarsa, Gwaggo Furera, ta ce su taka. Ita kuwa ba ta ce eh ba, ba ta ce a'a ba. Abin da kawai ta ce wa Khalilu shi ne, "Bari in ga hankalin yarinyar tukuna." Tun daga nan kullum ina jiran ranar da za a duba hankalin nawa, ban san ta wace ƙofa za a shigo ba.

Kafin in ci gaba sai kun san Inna. Kasancewata 'yar fari, Inna ba ta taɓa kiran sunana ba. "Ke" nake, ko "waccan". Ranar da na yi abin kirki in zama "yarinyar nan". Zancen Khalilu kuwa, ko sallamarsa ta ji daga waje sai ta tuna tana da aiki a bayan ɗaki.

Wata Laraba na dawo daga kai abinci gona, ƙafata duk taɓo, na tarar da ita tana tankaɗe. Ba ta ɗago ba ta ce, "An kawo abu. Yana kan buhun."

"Wa ya kawo, Inna?"

"Mutane."

Na leƙa. Suwaita ce ta manya, ruwan hanta, mai kauri, gwiwar hannun dama ta ɓule. Ina taɓa ta na san ba ta inji ba ce, saƙar hannu ce, kuma zaren irin na da ne mai laushi da ba a samun sa yanzu. A ƙirjinta an yi wani ado kamar igiya biyu suna murɗe juna tun daga wuya har ƙasa. Sai ƙamshin kafur take. Na daɗe ina juya ta ina cewa a raina, wadda ta yi wannan ta iya. Na gama yabawa tsaf, sannan na nemo bakin zaren na ja.

Wayyo daɗi! Ku da ba ku saƙa ba za ku gane ba. Zare mai kyau in yana warwarewa wani ɗan sauti yake yi, sur-sur-sur, ba ya tsinkewa, ba ya gardama. Kafin la'asar ta yi sanyi suwaita ta zama tarihi. Daidai lokacin kuma Huseina ta haifi ɗa namiji a ƙauyen su Khalilu, inda take aure. Na zauna na saƙa masa hula mai tuntu a ka da safa 'yan dagwas, na kai da kaina ranar da na je barka. Sauran zaren na zuba a tsohuwar kwalla ina ta lissafin abin da zan yi da shi.

Ana gobe suna, da rana, aka dawo mini da wayata daga caji. Ina kunnawa saƙon Khalilu ya shigo.

"Salam, ranki ya daɗe. Iya ta ce in tambaya, ya aikin rigar?"

Na rubuta, "Wace riga kuma?"

"Suwaitar Baba mana. Yaya Asama'u ta kawo gidanku ta ba Inna. Gwiwar hannun kawai za ki gyara."

Kafin in gama karantawa wani ya sake shigowa.

"Iya ce ta saƙa masa da hannunta shekarar aurensu. Tun rasuwarsa tana cikin akwati, ko ni ba a bari in taɓa. Da na ji ta ce a kai miki, wallahi saura kaɗan in faɗo daga keke. Kin ga alama ke nan."

Har da 'yar fuskar dariya ya saka a ƙarshe.

Na dubi kwalla, kwalla ta dube ni. Ashe ranar duba hankalin ta zo ta wuce, ni ina zaune ina jan zare ina waƙa.

Na fita tsakar gida. Inna na gyaran zogale.

"Inna, rigar nan da aka kawo ranar Laraba, me aka ce a yi mata?"

"Gyara aka ce."

"Wa ya ce?"

"Mutanen can." Ta nuna gabas da haɓa.

"Inna, don girman Allah, me ya hana ki ce mini daga gidan su Khalilu take?"

Ta saki zogalen ta riƙe baki. "Ni? Ni zan buɗe bakina in ce miki ga saƙo daga gidan... A'uzubillahi! Ke ba ki da hanci ne? Ba ki ji kafur ba? Wa kika taɓa gani yana sa wa tsumma kafur?"

"To ai a kan buhun kika ajiye."

"A ina zan ajiye? A kaina?"

Na shiga na ɗauko kwallar na buɗe a gabanta. Inna ta leƙa, ta ga dunƙulen zare jere kamar curin fura. Ta yi salati ta zauna daɓas a kan turmi.

Can ta ce, murya ƙasa-ƙasa, "Ba ta mayuwa?"

"Zaren hannu guda yana kan jaririn Huseina."

Ta sake salati. Ta dube ni, na dube ta, sai kawai ta juya baya kafaɗunta na girgiza. Na rantse dariya take, ko da yake har gobe ba za ta yarda ba.

Na koma ɗaki na rubuta wa Khalilu, "Ana kai." Kar ku tambaye ni kan me ake. Tsoro ne ya rubuta, ba ni ba.

Sai dabara ta zo mini. Gwaggo Furera gwaggon mai jego ce ta wajen miji, dole ta zo suna, dole a miƙa mata jariri. In na yi sammako na musanya hular da wata kafin ta iso, na karɓo zaren, zan kulle kaina a ɗaki in mayar da suwaitar yadda take. Yadda zan yi da igiyar ƙirjin nan da ban iya ba kuwa, na bar wa Allah.

Na ɗauko wani zare rawaya na fara sabuwar hula. A ranar ne na san saƙa ba ta son mai gaggawa. Abin da kullum yake kwantar mini da hankali ya koma yana tayar da shi. Zare ya riƙa zamewa daga tsinke, in warware in sake, hannuna na gumi. Da ƙyar na gama, ta fito a karkace, gefe ɗaya ya fi ɗaya tsawo. Na ce ko ma yaya take, kai ne dai zai shiga.

Washegari an kwana ana ruwa, gari ya yi luf. Na sa atamfata ta sallar bara, koriya mai zanen ganye, na yafa farin gyale, na zizara kwalli don kar a ga idona ya faɗa. Bana ba wanda ya yi zancen anko, kowa da abin da ke akwatinta. Na bi burtali ta tsakiyar gonaki, takalmi a hannu, gero na zuba mini raɓa a kafaɗa, hular rawaya a ƙunshe cikin gyale.

Na tarar an raɗa suna, yaro ya ci Badaru. Ɗan akuya aka yanka maimakon rago, dambu aka yi maimakon shinkafa, amma gidan cike yake da guɗa da shewa kamar an yanka bijimi. Na kutsa ɗakin mai jego. Huseina na zaune a bakin gado ta sha lalle, Badaru a cinyarta, hular ruwan hanta zaune daram a kansa.

Na raɗa mata, "Huseina, kawo hular nan in canza masa. Ga sabuwa na kawo."

Ta dubi rawayar ta kwashe da dariya. "Wannan ta kan tulu ce ko ta mutum? Ke, bar mini abina. Duk wanda ya shigo sai ya tambayi wa ya saƙa. Babansa ma ya ɗauke shi hoto da ita ya baza a waya."

"Ki rufa mini asiri, zan miki bayani."

"Yi bayanin tukuna."

Na buɗe baki ke nan aka yi sallama a ƙofar ɗaki, matan da ke zaune suka fara matsawa suna "Sannu da zuwa, Gwaggo." Ban taɓa ganin ta kusa ba sai ranar. 'Yar gajeruwa ce siririya, da farin mayafi da tabarau mai kauri, bakinta ja da goro. Na zame daga bakin gado na durƙusa a lungun kwanuka, na ja gyale har hanci.

Aka shimfiɗa mata darduma, aka miƙa mata jariri. Ta yi masa addu'a ta tofa, ta ja masa hanci tana cewa ga mijinta ya iso, kowa na dariya. Sai na ga babban yatsanta ya tsaya a kan hular. Ta shafa. Ta sake shafawa. Ta gyara tabarau, ta ɗaga bakin hular ta murza zaren tsakanin yatsu biyu. Dariyar fuskarta ta tafi.

"Wa ya saƙa wannan?"

Huseina, Allah ya shirye ta, ta washe baki. "Safara'u ce, Gwaggo. Ga ta can a lungu tana ɓuya. Ta Khalilu."

Ɗaki ya ɗauki shewa. Ni kuwa da ƙasa za ta tsage da na gode mata.

Gwaggo Furera ta mayar da jaririn, ta dafa gwiwa ta miƙe. "Yarinya, ɗauko buta ki zuba mini ruwa."

Na bi ta har bayan rumbu inda ba kowa sai kaji. Ta zauna a kan wani kututture. Ba ta miƙo hannu don ruwan ba.

"Ina rigar?"

A hanya na tanadi ƙarya kala-kala, har da ta ɓera da ta gara. Da na ga idonta ta cikin tabarau sai duk suka gudu suka bar ni. Na durƙusa na ajiye butar.

"Gwaggo, na warware ta. Ban san taku ba ce. Na ɗauka irin wadda mata ke kawo mini ce in cire zare. Sai jiya na sani. Ki yafe mini."

"Duka?"

"Duka."

Hawaye ya fara ɗiga a kan atamfata. Ba Baba nake tunani ba a lokacin, ba ma auren ba. Tausayinta ne ya kama ni, tsohuwa ta ciro abin da ta fi so a akwati ta ba ni amana.

"Ba a gaya miki daga inda take ba?"

Na sunkuyar da kai. Ba zan kai ƙarar Inna wurin baƙuwa ba.

"Tsaya. Ke ce ta fari a ɗakinku?"

"Ni ce."

"Me aka ce miki?"

"An ce mutane sun kawo abu."

Sai na ji wani sauti, na ɗago a tsorace. Dariya take, har tana riƙe tabarau kar ya faɗi.

"Mutane! Allah Sarki. Ni ma da zan aika, ta farin tawa na ba, na ce mata, ke, kai wannan gidan can a gyara. Ban faɗi sunanki ba, ban faɗi ta wa ce ba. Ashe bebaye biyu ne suka yi aike."

Ta goge ido da bakin mayafi. Dariyar ta ƙare amma idon bai daina kawo ruwa ba.

"Ina amarya na saƙa ta. Malam yana noman rani a fadama, yana fita tun asuba, yana dawowa yana tari. Da ita yake zuwa masallaci, da ita yake zuwa gona. In na ce ya kawo in wanke sai mun yi rigima." Ta numfasa. "Tun da ya tafi ban iya buɗe ta da kyau ba. In ɗaga murfin akwati, in zuba kafur, in rufe. Ɗazu da na taɓa kan yaron nan na ji zaren da ɗumi. Rabon da in ji shi da ɗumi tun Malam na da rai."

Na ce, "Zan karɓo hular, Gwaggo. In haɗa in mayar miki."

"Ki cire wa jariri hula ranar sunansa? Ashe da gaske sai an duba hankalin naki. A bar masa." Ta dube ni sama da ƙasa. "Bakin hular kin ja shi da yawa, hannunki na da tsauri. Amma layinki a miƙe yake. Sauran zaren yana nan?"

"Yana nan, na wanke na naɗe."

"Zai yi wa autana Khalilu marar hannu. Igiyar nan ta ƙirji, kin iya?"

"Ban iya ba. Na so in gane ta ina warwarewa, ta ɓace mini."

"Ba za ki gane ba. Duk yankin nan ba mai yin ta sai ni, kuma ba a koyon ta da baki. Sai kin zauna kusa da ni, gwiwa da gwiwa."

"Gwaggo, ai ni... ba na shiga gidanku."

"Na sani, ba yau aka haife ni ba. Shi ya sa gobe zan aika a kira mini baffanninsa. Idona kullum raguwa yake, ba zan zauna jiran ku ba."

Jama'a, na ji maganar sarai, amma sai da ta zagaya ta dawo kafin ta shiga. Na rufe fuska da gyale, ina kuka ina murmushi, ban san wanne ya fi yawa ba. Na fara jero godiya ke nan wayata ta hau ruri a cikin jaka. Na leƙa na yi sauri na kife ta.

"Shi ne?"

Na gyaɗa kai.

"Ya sani?"

"A'a. Na ce masa ana kai."

Gwaggo Furera ta ɓare goro ta jefa a baki, ta gyara zama a kan kututturen kamar wadda ta zo kallon dambe.

"To, ni dai na yafe nawa. Amma yaron nan tun ranar da aka binne ubansa yake roƙona rigar nan, yana cewa ita kaɗai ce ta rage da ƙamshinsa. Wannan kuma tsakaninku ne."

Wayar ta katse, ta sake ɗaukar ruri.

"Ɗauka mana," in ji ta. "Ki buɗe muryar yadda zan ji. Ina so in ga ta inda za ki fara."